Firiza Ta Ƙi Hutawa, Sanyi Ya Wuce Kima: Ina Matsalar Take?

Assalamu alaikum jama'a. Ku kasa kunne ku ji wannan gurnanin. Firiza ce a wani gida a Tudun Wada, nan Zariya, tun asuba take aiki ko numfashi ba ta ja ba. Robobin zoɓo sun daskare har sun tsage, mita kuma sai zuƙe kuɗi take yi.

Kada mu yi saurin ɗora mata laifi. In an kwana biyu babu wuta sannan aka kawo, dole ta yi awanni tana aiki kafin ta huta, balle a zafin watan Afrilu. Firizoji masu injin inbata kuma dama haka aka ƙera su, a hankali suke juyawa kusan kullum. Abin dubawa shi ne sanyin. Digiri 18 ƙasa da sifili ya ishi nama da kifi. In ya zarce haka sosai kuma injin bai tsaya ba, to akwai magana.

Hajiya mai firiza, don Allah ki riƙe wannan: kada kowa ya ce miki gas ne ya ƙare. Firizar da gas ɗinta ya yoye ba ta iya yin sanyi, balle ya yi yawa. Ina jin takaici in ga an karɓi kuɗin baiwar Allah a kan ƙarin gas alhali lafiyarsa ƙalau.

Ki fara da maɓallin daskarewa da sauri, wanda galibi yake kunna 'yar fitila ruwan ɗorawa. In yara sun danna shi, injin ba zai tsaya ba. Kashe shi kawai.

In ba shi ba ne, sai tamostat, wato abin murɗawa mai lambobi. Aikinsa ya ji sanyi ya kai, ya yanke wa kwamfiresa, wato injin da ke kawo sanyin, wuta. Ki murɗa shi a hankali zuwa ƙaramar lamba ko sifili. Kin ji ƙas, injin ya yi shiru? To yana da rai, ki bar shi a tsakiya. In ba ki ji komai ba, ƙarafan cikinsa sun manne, kuma yawan ɗaukewa da dawowar wuta na jawo haka. Wani lokacin kuma siririn bututunsa mai jin sanyi ne ya zame daga mazauninsa, sai ya riƙa jin ɗumi yana cewa a ci gaba. A firizar hannu ma akan tarar an cire shi gaba ɗaya an haɗa wayoyin kai tsaye. Masu sayar da ƙanƙara na son hakan, amma kwamfiresa ne ke shan wuya, kuma kuɗinsa ya ninka na tamostat nesa ba kusa ba.

Robar murfi kuma, ki maƙala takarda ki rufe, ki ja. In ta zare ba gardama, iska na shiga, shi ma yana hana injin hutawa. Ki share ƙurar hunturu a gefen injin, ki ja firizar daga jikin bango.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a zare soket. Ƙanƙarar da ta taru, kada a kai mata wuƙa. Da yawan firizojin yanzu gas ɗin R600a ne a cikinsu, yana kama wuta. A kashe, a buɗe murfi, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki ta narke da kanta.