Sharhi: Awon jini na rana ɗaya ba ya riƙe tsoho

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan iyayenmu ne da kakanninmu, musamman da yake sanyin Jos ba ya raga musu, ga ciwon gwiwa ga tari.

Kowa ya san yadda ake yi. Ƙungiya ta zo unguwa ta kafa rumfa, a auna wa tsofaffi jini da suga, a ba su maganin sati biyu, a ɗau hoto a watse. Allah ya saka musu da alheri, amma fa hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, abu ne na kullum, in maganin baba ya ƙare kuma ba kuɗin saye to jinin zai sake haura 140 bisa 90 shiru ba wata alama, sai dai wata safiya a ji ɓarin jiki ya shanye, Allah ya kiyaye.

Tanadi kam akwai shi a takarda. Akwai Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a Abuja, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, nan Filato kuma ga PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. To amma tsohuwar da ke Gangare ko Unguwar Rogo, wadda ko fita ba ta cika yi ba, wa ya je ya gaya mata?

Shi ya sa muke cewa ƙungiyoyin nan su zauna su raba aiki. 'Yan agajin Izala da na Jama'atu suna kowace unguwa, ga matan FOMWAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, ga zumuntar mata a coci-coci, su ne suka san gidan da tsoho ke kwance, su ake buɗe wa ƙofa. Ma'aikatan jinya su koya musu riƙe na'urar awon jini, ba wani abu mai wuya ba ne wallahi, a ajiye rajista ɗaya da sunan kowane tsoho da lambar ɗansa, duk wata a leƙa shi. Wanda jininsa ya hau a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, mai yanar ido a tura shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Limamai da fastoci su riƙa tuna wa mutane batun rage gishiri da ɗan tattaki bayan hantsi.

Masu hali kuma don Allah, kuɗin rumfa da kyallen talla a juya su wajen yi wa tsofaffin nan rajistar inshora ta shekara.