A damƙa wa yaro rago, a ƙyale shi da shi

Masu sauraro assalamu alaikum. Sharhinmu na yau wata magana ce ta tsokano shi, wadda na ji da kunnena ranar Asabar a taron iyaye da malamai na wata makaranta, ba zan kama suna ba. Ana neman inda za a gina shagunan haya, sai aka nuna ɗan lambun da ƙungiyar matasa manoma ta makarantar ke nomawa a bayan ajujuwa, wani bawan Allah ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce ai dama ɓata lokaci ne, shi boko ya kawo ɗansa ba noman albasa ba. Aka yi masa tafi. Tafi fa jama'a!

To ranka ya daɗe Alhaji, ɗan nan naka in ka ba shi dubu biyar ran Lahadi ka ce ya riƙe zuwa Juma'a, za ta kai Talata? Yaro ba ya koyon riƙon abu sai an damƙa masa abin da zai iya lalacewa a hannunsa.

Ƙasar da muke ta ɗokin bokonta ma, Amurka, ba ta raina wannan ba. Tun 1902 wani jami'in ilimi mai suna A. B. Graham ya tara yaran karkara a jihar Ohio suna shuka masara suna gwada ƙasar gona, daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne aka samu ƙungiyar 4-H, wato H huɗu na farkon kalmomin Turanci masu nufin kai da zuciya da hannu da lafiya, a 1914 kuma aka yi dokar da ta kafa aikin malaman gona, su suka riƙe ƙungiyoyin. Yau yara wajen miliyan 6 ne a ciki. Yaro ya ɗauki maraƙi ko tunkiya ya yi wata da watanni yana kiwo yana rubuta duk abin da ya kashe, ranar baje kolin gundumarsu ya ja abarsa gaban alƙali a tsitsiye shi da tambayoyi, a ƙarshe a yi gwanjonta yana tsaye.

Amma me ya kai mu Amurka, ga ɗan ƙanwata nan, shekararsa 13. Ƙungiyar samarin unguwarsu ta shirya gasar kiwo kafin babbar sallah, uwarsa ta saya masa ɗan rago da kuɗin adashinta. Yaron da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, sai ga shi yana riga kowa tashi don rago ba ya jiran mai barci. Shi ya gano da kansa harawa da kaka ake sayenta a ɗaure a kan rufi, in ka bari sai bazara ka sha tsada. Rannan ya jiƙa dusa ya bar ta ta kwana ta yi tsami, rago ya kama zawo, ba wanda ya aike shi, shi ya ruga wajen malamin dabbobi yana haki, ya dawo ya rubuta kuɗin magani a bayan tsohon littafin lissafinsa. Ranar gasa alƙalin wani tsohon dillalin kara ne, ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya matsa gadon baya da yatsu, ya ce yaro ciki ka cika masa, nama bai hau ba. Ya zo na huɗu. Ya sha kuka kam, ba zan ɓoye muku ba, amma washegari a ƙofar gidan wanda ya zo na ɗaya aka gan shi yana tambaya me yake haɗawa a dusarsa.

Wane allo ne zai koya masa wannan? Sai an damƙa masa, jama'a, sai an damƙa masa.

Wai zai hana karatu. Haba, wayar da yake dannawa har ɗayan dare ba ta hana ba sai ban ruwan albasa na rabin awa? Wai gasa tana karya zuciyar wanda ya faɗi. To a ɓoye masa faɗuwa har ya kai talatin ya haɗu da ita a kasuwa da jarin mutane a hannunsa?

Inda nake da shakku guda ne, kuma laifin namu ne manya. In uba ne zai yi kiwon ya sa yaro riƙe igiya ranar hoto, ko ɗan shugaban ƙungiya ne zai ci kowace shekara, to gara a bari, don yara sun fi mu ganin maguɗi. A nemo alƙali daga wata unguwa, ya faɗi dalilinsa a bainar jama'a, a duba littafin yaro kafin a duba ragonsa. Masu shirya baje kolin amfanin gona kuma, daga na Argungu har na ƙananan hukumomi, don Allah ku ware wa yara nasu rukunin.

Su kuwa 'yan wancan lambu, an ce bayan hutu za a kawo bulo. Albasarsu saura kamar sati shida ta isa cira, kuma har aka watse taron nan ba wanda ya ce a kira ko ɗaya daga cikinsu a ji ta bakinsa.