Gidan Jan Dutse na Austin: Mu Zagaya Majalisar Dokokin Texas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wannan titin da kuke gani sunansa Congress Avenue, a tsakiyar birnin Austin na ƙasar Amurka. Ku miƙa ido arewa har inda titin ya ƙare. Wancan jan ginin mai ƙubba, nan za mu yini yau. Shi ne majalisar dokokin jihar Texas, ofishin gwamna ma a ciki yake.

Shiga kyauta ce. Ba sai ka san wani ba, ba sai da takardar gayyata ba. Ka ɗora jakarka a kan na'urar bincike, ka ratsa ta ƙofar gano ƙarfe, shi ke nan ka shiga. Ita ma na'urar sai a 2010 aka kafa ta, bayan wani ya yi harbi a bakin ginin. Akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani, su ma baƙo ba ya biyansu ko sisi. Idan ka fi son tafiya kai kaɗai, ka ɗauki takardar jagora ka kama hanya.

Amma kafin mu shiga, ku ɗan dafa wannan bango, domin labarin gidan daga dutsensa ya fara.

Tsohuwar majalisar ta ƙone a 1881. Texas a lokacin ba ta da kuɗin da za ta yi gini irin wannan, sai dai Allah ya hore mata ƙasa. Saboda haka da ƙasa ta biya. Ta ba wasu 'yan kasuwar Chicago, cikinsu har da 'yan'uwa biyu, John da Charles Farwell, fili eka miliyan 3 a can arewa maso yammacin jihar, wato kusan murabba'in kilomita 12,000. Filin nan ne ya zama gandun kiwon shanu na XIT. Wanda ya zana ginin kuwa Elijah Myers ne, shi ne dai ya zana na jihar Michigan da na Colorado. An fara aiki a 1882, aka yi bikin buɗewa a watan Mayun 1888.

Da farko da farin dutse aka so a yi shi, na nan kusa da Austin. Sai aka lura akwai ƙarfe a cikinsa, yana shan iska da ruwa sai ya fara zubar da tsatsa. Masu wani tsauni kusa da garin Marble Falls suka ba da jan dutsensu kyauta, aka shimfiɗa layin dogo domin jigilarsa. To, wa ya fasa dutsen? Fursunoni. Ɗaruruwansu, da yawa baƙaƙen fata, gwamnati ta ba ɗan kwangila su yi masa aiki a wurin fasa dutse. Ƙungiyar masu sassaƙa dutse ta Amurka ta ce ba za ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da aikin tilas ba, ta ƙaurace. Ɗan kwangilar ya aika Sikotland aka ɗebo masa masassaƙa, abin da ya saɓa wa dokar ƙasa, har kotu ta ci shi tara. Ni dai duk lokacin da na ga hasken yamma ya bugi wannan bango ya yi ja wur, mutanen nan nake fara tunawa. Sunayen gwamnoni suna ciki a rubuce. Su kuwa aikin hannunsu kawai ya rage.

Bismillah, mu shiga ta ƙofar kudu. Mutum-mutumin farin marmara guda biyu za su tarbe ku, Sam Houston, tsohon shugaban Texas, da Stephen Austin, wanda birnin ya ci sunansa. Mace ce ta sassaƙa su, Elisabet Ney, haifaffiyar Jamus.

Taku kaɗan gaba, kun iso ƙarƙashin ƙubba. Ku ɗaga kai. Tauraron can da kuke gani kamar a rufe shi da tafin hannu, faɗinsa ya kusa mita biyu da rabi, nisansa daga inda kuke tsaye ya kai mita 66. Idan ka tsaya a tsakiya daidai ka tafa hannu, amon zai dawo maka kunne. Yara ba sa gajiya da wannan. Daga waje, tsayin ginin ya kai mita 92, ya ɗara na majalisar tarayya da ke Washington da 'yan mitoci, kuma mutanen Texas ba sa bari baƙo ya tafi bai ji wannan ba.

Yanzu ku dubi ƙasa. Tambura shida ne a daɓen, na hukumomi shida da suka taɓa mulkin wannan yanki: Sifaniya, Faransa, Meziko, Jamhuriyar Texas da ta ɓalle daga Meziko a 1836, sai haɗakar jihohin kudu da suka fice a 1861 domin kare bauta, sannan Amurka. A bango kuma hotunan tsofaffin shugabannin jamhuriyar ne da na gwamnoni, sun zagaye hawa bayan hawa. Da zarar gwamna ya sauka aka rataya hotonsa, sai kowane hoto ya matsa gaba ya ba shi wuri. Za ku ga George W. Bush, za ku ga Ann Richards.

Mu hau bene. Wanda ya saba da majalisar jiha mai zaure guda zai ga bambanci, domin nan zaure biyu ne. A gabas majalisar dattawa, mutum 31, kuma teburan katakon da suke zama a kai na tun farkon ginin ne. A yamma majalisar wakilai, mutum 150. Ku lura da fitilun da ke rataye, ƙwayayensu sun rubuta sunan Texas. Hatta hinjin ƙofofi, na tagulla masu nauyi, an zana musu sunan gidan. A zauren dattawa akwai manyan zane biyu na yaƙin Alamo da na San Jacinto, waɗanda aka gwabza lokacin ɓallewa daga Meziko. Akwai kuma hoton Barbara Jordan, baƙar fata mace ta farko da ta shiga wannan zaure a matsayin sanata, bayan zaɓen 1966.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Majalisar nan ba kullum take zama ba. Sau ɗaya take haɗuwa a shekara biyu, a shekarun da lambarsu mara ce, kamar 2025 da 2027. Ana farawa ranar Talata ta biyu a watan Janairu, kuma ba a wuce kwana 140, sai fa idan gwamna ya kira zama na musamman. Albashin ɗan majalisa dala 7,200 ne a shekara, ban da alawus na kwanakin zama. A cikin waɗannan 'yan watanni ake yanke kasafin shekara biyu na jihar da ke da mutum sama da miliyan 30. Idan ana zama, kowa na iya hawa hawa na uku ya zauna a wurin 'yan kallo, yana ji yana gani ana muhawara. Mai magana a kan wani ƙudiri kuma yana iya rubuta sunansa ya bayyana gaban kwamiti ya faɗi ta bakinsa. Malamar makaranta, manomi, uwar da doka ta shafi ɗanta, haka za ka gan su sun yi layi suna jira, wani lokaci har tsakar dare.

Yawancin ɗakunan kwamitocin a ƙarƙashin ƙasa suke. Wata gobara da ta tashi a 1983 ta nuna yadda aka cunkushe tsohon ginin da ofisoshi, shi ya sa aka haƙa gefen arewa aka yi ƙari, aka gama a 1993, ba tare da an tare wa ƙubbar fuska ba. Mutum-mutumin da ke can ƙololuwa riƙe da tauraro shi ma sabo ne, na alminiyom, jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗora shi a 1986. Na asalin yana gidan tarihi na Bullock, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa.

Kada ku tafi ba ku zagaya harabar ba, eka 22 ce. Idan da rani ne ku fito da sassafe ku riƙo ruwa, zafin Austin ba wasa ba ne. A gefen kudu akwai abin tunawa da sojojin haɗakar kudu, tun 1903 yake tsaye, mutum-mutumin shugaban haɗakar, Jefferson Davis, a samansa. A filin nan dai, a 2016, aka buɗe na tarihin baƙaƙen fatar Texas, aikin Ed Dwight. Shekara 113 ke nan tsakani. Ku matsa kusa da shi ku dubi tsakiyarsa. Ranar 19 ga Yunin 1865 ce aka sassaƙa a wurin, ranar da sojojin tarayya suka shelanta a garin Galveston cewa bayin Texas sun zama 'ya'ya, fiye da shekara biyu bayan shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar 'yanta su.