Abin da Almakashin Amurka Ya Tona Game da Katun ɗin Japan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Lokacin da ake shirin kai fim ɗin katun na Japan, Princess Mononoke, gidajen sinima na Amurka a 1999, Harvey Weinstein, wanda kamfaninsa Miramax zai rarraba shi, ya ce fim ɗin ya yi tsawo. Ya haura awa 2, shi kuma minti 90 yake so. Sai Toshio Suzuki, furodusan Studio Ghibli, kamfanin Japan da ya shirya fim ɗin, ya yi masa kyautar takobin samurai da ɗan gajeren saƙo: ban da yanka. Haka fim ɗin ya fita, ba a taɓa komai ba.

Mutanen Ghibli ba su zare takobi haka siddan ba, an sha su ne sun warke. A 1985 wani kamfanin Amurka ya ɗauki Nausicaä of the Valley of the Wind, wanda Hayao Miyazaki, daraktan Princess Mononoke, ya fitar a 1984, ya datse fiye da minti 20, ya sauya wa jarumar suna, ya raɗa wa fim ɗin Warriors of the Wind, har a bangon kaset aka zana mayaƙa maza da babu su a labarin. Labarin yarinyar da ke ƙoƙarin fahimtar gurɓataccen daji da manyan ƙwarin cikinsa ya koma fim ɗin faɗa da dodanni. Shi ya sa da Disney ta zo neman izinin rarraba fina-finan Ghibli a 1996, aka gindaya mata sharaɗin ba za ta yanke komai ba.

To in kuna son ganin inda Japanawa da Amurkawa suka raba hanya a fina-finan katun, ku biyo ni mu bi sawun almakashin nan. Duk inda hannun mai tacewa ya yi ƙaiƙayi, ya yanke ko ya cusa maganar da babu ita, a nan bambancin yake kwance.

Da aka hana su yanka sai suka koma ƙari, kuma abin da suka fi cikewa shi ne shiru. Ku dubi wannan wuri a My Neighbor Totoro na 1988. Duhu ya shigo, ana ruwa, Satsuki na tsaye a wurin jiran bas riƙe da laima, ƙanwarta Mei ta yi barci a goye a bayanta, suna jiran babansu. Wata ƙatuwar halitta mai gashi ta zo ta tsaya kusa da ita, da ganye ɗaya tal a ka, wai shi ne laima. Satsuki ta miƙa masa laimar babanta. Ɗigon ruwa ya faɗo daga bishiya a kan laimar, sautin ya yi masa daɗi, sai ya daka tsalle ya dira, ruwan bishiyar gaba ɗaya ya zubo. Magana 'yar kaɗan ce, labari bai matsa ko'ina ba, amma ku tambayi duk wanda ya kalli fim ɗin, wurin nan zai fara ambata.

A 2002 mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya tambayi Miyazaki dalilin irin waɗannan wurare. Sai dattijon ya tafa hannu, ya sake tafawa, ya ce tazarar da ke tsakanin tafi da tafi ita ce abin. A ganinsa fim in ya zama gudu ba tsayawa, hayaniya ce kawai. Masu rarraba fim a Amurka kuwa fargabarsu kada yaro ya gaji ya fara mutsu-mutsu a kujera. Da Disney za ta fitar da Castle in the Sky na 1986 da Turanci, sai da aka sa mai kiɗan, Joe Hisaishi, ya koma ya ƙara kiɗa a wuraren da da babu. Mu da muka saba da fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa mun san halin: jarumi ya juya baya yana kallon taga, mai fassara ba zai iya barin wurin haka ba, sai ya sa masa zance a baki.

Amma fa kada mu ɗora komai a kan al'ada, rashin kuɗi ma yana da hannu. Walt Disney ya kwashe shekaru da ɗaruruwan masu zane kafin Snow White ya fita a 1937. Osamu Tezuka, wanda shi kansa masoyin Disney ne, da ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, kowane mako sai ya miƙa shirin rabin awa, ga aljihu ba nauyi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Disney kan zana 12 zuwa 24, Tezuka ya sauko zuwa 8 ko ƙasa da haka. Fuska ta tsaya cak baki kaɗai ke motsi, ko a ja kyamara a hankali a kan zane ɗaya. Dole ce ta haifi salon, daga baya ya zama abin so, har waɗanda ke da kuɗin zana komai suka ci gaba da tsayar da hoto da gangan.

Sai batun mugu, wanda muke kira bos. A gidan Disney ba ya ɓuya, daga fuska da launin kaya kun gane shi, kuma ƙarshensa ba ya kyau. Sarauniyar Snow White ta faɗo daga kan dutse. Gaston na Beauty and the Beast ya faɗo daga saman fada. Scar na The Lion King ya faɗo, kuraye suka ƙarasa shi. Ku lura da wayon, yawanci faɗowa suke yi, don hannun jarumi ya fita tas. Abin yana da tushe. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood ta yi aiki da ƙa'idar tace fina-finai ta Hays Code, wadda ta hana a shirya labari yadda mai kallo zai goyi bayan mai laifi. An daɗe da jingine ta, ɗabi'ar dai ta zauna, don ta dace da tunanin da ya raba duniya gida biyu, alheri nan, sharri can.

Yanzu ku nuna mini bos a Princess Mononoke. Eboshi, shugabar garin maƙera, tana sare daji don haƙo tama. Ita ta harbi ƙaton aladen dajin da ya rikiɗe ya zama dodo, ita ce kuma ta fille kan Ruhin Daji. Da a Disney ne an gama shari'arta. Amma ita ɗin ce ta fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su aikin zuga-zugi, ita ta tattara kutaren da kowa ke gudu, ta wanke musu miki ta naɗe, ta ba su sana'ar ƙera bindiga. Mutanen garin son ta suke, kuma suna da dalili. Fim ya ƙare ta rasa hannu ɗaya, tana raye, tana cewa za su sake gina gari wanda ya fi na da.

A addinin gargajiya na Japanawa, Shinto, an yi imani kogi da dutse da tsohuwar bishiya suna da ruhi, kuma babban abin gudu shi ne ƙazanta da ke manne wa abu, wadda maganinta wanki ne. Ku riƙe wannan ku kalli Spirited Away na 2001, wanda ya ci Oscar a 2003. Wani baƙo ya shigo gidan wanka, taɓo na zuba daga jikinsa, ɗoyi ya kori kowa. Aka tura Chihiro, 'yar shekara 10, ta yi masa wanka. Tana laluben cikin taɓon hannunta ya ci karo da wani abu kamar ƙaya a jikinsa. Aka ɗaura igiya, duk ma'aikatan gidan suka jeru suna ja, uwar ɗakinsu Yubaba na ba da umarni. Sai ga keke ya fito, tarkacen bola na biye da shi tuli guda. Ashe ruhin wani kogi ne da mutane suka mayar juji. Miyazaki ya ce da hannunsa ya taɓa taya jama'a yashe wani kogi, suka zaro keke daga ciki. Dodon nan wanka ya warkar da shi, kuma igiyar da ta cece shi hannu da yawa ne suka ja ta.

Ita kanta Chihiro ba irin jaruman Disney ba ce. Ariel ta The Little Mermaid tun farkon fim take rera waƙar abin da zuciyarta ke so, ta bar teku ta shiga duniyar mutane. Moana ma haka, a hana ta ƙetare iyaka ta ƙetare. Saƙon a fili yake: bi son ranka ko da iyaye ba su gane ba tukuna. Chihiro kuwa a kwance muka same ta a bayan mota tana ƙunci. Da iyayenta suka zama aladu saboda sun afka wa abincin da ba nasu ba, hanyar tsira ɗaya aka nuna mata, ta nemi aiki. Ta roƙa, ta sa hannu a takarda, ta kama goge daɓe, aka koya mata cewa na gode. A ƙasar da ɗalibai ke share ajinsu da kansu kullum, ba wanda zai ga baƙon abu a nan.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne ƙarshen labari. A Kiki's Delivery Service na 1989, yarinya 'yar shekara 13 da ke tashi sama a kan tsintsiya tana da baƙar mage, Jiji, da suke hira. Tsakiyar fim baiwarta ta ɗauke, ta daina tashi, ta daina jin maganar magen. A ƙarshe tashi ya dawo, amma a na Japananci Jiji kukan mage kawai ya yi. Ta girma ke nan, wani abu ya tafi ba zai dawo ba, rayuwa kuma ta ci gaba. A fassarar Disney ta 1998 sai aka sa wa magen magana a baki, don kowa ya tashi da murmushi. Jimla ɗaya ta rushe abin da fim ɗin ya yi ta ginawa. Haka a Spirited Away, na Turanci ya ƙare da uban yana cewa sabon gida da sabuwar makaranta da ban tsoro, Chihiro ta amsa cewa tana jin za ta iya. A na asali babu wannan hirar, ta waiwayi bakin ramin da suka bi suka shiga duniyar ruhohi, mota ta tashi, shi ke nan.

Waɗanda suka haɗa Totoro da Grave of the Fireflies na Isao Takahata a tikiti ɗaya a 1988 ba su ɗauki katun abin lallashin yara ba. Na biyun da mutuwar yaron ya buɗe, a tashar jirgin ƙasa ta Kobe a 1945, sannan ya koma baya ya nuna yadda yunwa ta cinye ƙanwarsa bayan ruwan bama-bamai.

Wani gyaran kuma dariya yake ba da wa. A Pokémon na Turanci, Brock, ɗaya daga cikin jaruman, ya ɗago curin shinkafa fari fat da ganyen teku a naɗe, abincin da yaran Japan suka saba da shi, ya kira shi donat. Ido na ganin shinkafa, kunne na jin donat. Su ma Amurkawa sukan gyara nasu in za su Japan. A Inside Out na 2015, abincin da jaririya Riley ta ƙi ci burokoli ne, a kwafin Japan aka sake zana shi ya zama koren tattasai, don shi yaransu ke ƙi.

Wani zai ce, malam, ai Ghibli ba ita ce Japan duka ba, ina ka bar Dragon Ball da Naruto da ihu da naushi? Da gaskiyarsa. Fim ɗin da ya ture Spirited Away daga kan gaba a cinikin sinimar Japan a 2020 ma na sara da takobi ne, Demon Slayer: Mugen Train. Sai dai ko a can ku duba abin da ake yi da abokin gaba. A Dragon Ball, Piccolo da Vegeta sun zo ne su kashe jarumin, Goku, suka ƙare a sahunsa. Tanjiro, jarumin Demon Slayer, yakan sare aljani sannan ya tsaya yana tausaya masa, har ya taɓa riƙe hannun wani yana narkewa, a nuna muku yaron da aljanin yake kafin ya lalace.

Amurka ma ba inda take take ba. John Lasseter, wanda a lokacin yake kamfanin katun na Pixar, shi ya tsaya wa Spirited Away har ya shiga sinimar Amurka, kuma an ga tasirin a gidansu. Farkon WALL-E kusan babu magana. Up ya ba da labarin aure tun daga ɗaurawa har mutuwa cikin 'yan mintuna ba tare da kalma ɗaya ba. Inside Out da Encanto na Disney babu bos a cikinsu.

Ita ma Disney ta janye hannu daga baya. A kwafin Kiki da ta sake fitarwa a 2010, an cire yawancin surutun da aka cusa, har da maganar Jiji ta ƙarshe. Saboda haka in za ku nemi fim ɗin ku gwada da kanku, ku duba shekarar kwafin tukuna. Ku kalli minti 5 na ƙarshe a na 1998, sannan ku mayar da murya Japananci ku sake kallo, ku faɗa mana wanne ya fi zauna muku.