Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Mather da bawan da ya kawo maganin agana

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Takardarmu ta farko ta fito daga wani malamin asibiti a Damagaram. Ya ce ya ji labarin cewa wani bawa ɗan Afirka ne ya nuna wa mutanen Amurka rigakafin agana ta hannun ubangidansa, wani fasto. Yana son sanin wane ne faston, kuma daga wane gida ya fito.

To malam, abin da ka ji haka yake. Sunan faston Cotton Mather. An haife shi a birnin Boston a 1663, ya rasu a 1728, lokacin yankin Massachusetts yana hannun sarkin Ingila. Ɗan ɗariƙar Congregational ne, wato Kiristocin da kowace majami'a ke zaɓen fastonta da kanta, babu bishop a kansu.

Gidansu irin wanda mu za mu kira gidan malamai ne, inda limanci ya zama gado. Kakansa na wajen uba, Richard Mather, ya baro Ingila a 1635 bayan an hana shi wa'azi, ya riƙe cocin Dorchester har mutuwarsa a 1669. Kakansa na wajen uwa kuwa John Cotton ne, babban faston Boston, kuma sunansa aka sa wa jikan. Zumuncin ma ruɓi biyu ne: da John Cotton ya rasu, Richard ya auri matar da ya bari, daga baya ɗan Richard, Increase, ya auri Maria, 'yar marigayin. Su ne iyayen Cotton. Shi Increase ya shugabanci makarantar Harvard daga 1685 zuwa 1701.

Cotton ya gama Harvard yana ɗan shekara 15, duk da i'inar da ta dame shi a ƙuruciya. A 1685 aka naɗa shi fasto a cocin da mahaifinsa ke jagoranta, suka yi aiki tare kusan shekara 40. Sai dai ya sha rashi. Ya yi aure sau uku, ya haifi 'ya'ya 15, biyu kaɗai suka rayu bayansa. A 1713 ƙyanda ta ɗauke matarsa ta biyu da tagwayen da ta haifa da wata ƙaramar 'yarsa cikin 'yan makonni.

Batun bawan kuwa, a 1706 'yan cocinsa suka saya masa shi kyauta, ya raɗa masa suna Onesimus. Da ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai bawan ya nuna masa tabo a hannu, ya ce a ƙasarsu akan tsaga fatar mai lafiya a shafa ruwan ƙurjin mai ciwon, mutum ya ɗan yi jinya, shi ke nan ta bar shi har abada. Da annoba ta faɗa wa Boston a 1721, Mather ya roƙi likitoci su gwada. Zabdiel Boylston kaɗai ya yarda, ya fara da ɗansa. Gari ya ɗauka, har aka jefa bam ta tagar gidan Mather, Allah Ya sa bai tashi ba. Kusan mutum 6,000 suka kamu, 844 suka mutu. Cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa tsagar, shida suka rasu.

Shi Onesimus fa? Bai samu 'yancinsa ba sai da ya ba da kuɗin da za a sayo wani bawa a madadinsa. A ganinmu wannan ba abin da za a tsallake ba ne in ana yabon Mather.

Wata mai sauraro daga Kumasi kuma ta tambaya ko Cotton Mather ne ya sa aka kashe waɗanda ake zargi da maita a garin Salem da ke kusa da Boston. Hajiya, ba shi ne alƙali ba. A shari'ar 1692 da aka rataye mutum 19, shi da sauran fastoci sun gargaɗi kotu kada ta dogara da shaidar masu cewa sun ga kurwar wanda ake zargi tana azabtar da su, amma a takarda guda suka ce a ci gaba da shari'ar da himma. Bayan haka ya rubuta littafi yana kare alƙalan, kuma wannan ne ya ɓata masa suna har yau. Mahaifinsa ya fi shi fitowa fili, ya rubuta cewa gara masu laifi da dama su kuɓuta da a hukunta marar laifi ɗaya.

Ɗan Cotton, Samuel, shi ma ya zama fasto a Boston. Increase da Cotton da Samuel duk a maƙabartar Copp's Hill aka binne su. Sai takarda ta gaba.