Sharhi: Layi Nawa Ya Kamata a Ja Don Haɗa Garuruwa Ɗari?

Jama'a masu sauraro, duk kamfanin da zai haɗa garuruwa ɗari da wayar sadarwa, tambayar farko da ke gaban injiniyoyinsa ita ce layi nawa za a ja, kuma ta ina za a bi da shi. Idan aka ce sai an haɗa kowane gari da kowane kai tsaye, ana bukatar layi 4,950, kuɗin da ba mai iya fitarwa. Amma layi 99 sun wadatar kowa ya isa ga kowa, muddin saƙo zai riƙa ratsawa ta garuruwan da ke tsakani.

Zaɓen waɗannan layuka 99 ta yadda jimillar kuɗinsu za ta fi araha tsohon lissafi ne. Masanin lissafi Otakar Boruvka ya warware shi a 1926 yayin da ake tsara layukan lantarki a yankin Morabiya da ke ƙasar Czech ta yau, sannan wani masanin lissafin, Joseph Kruskal, ya kawo hanya mai sauƙi a 1956: a jera layukan daga mafi araha, a riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a tsallake duk wanda zai haɗa garuruwan da tuni suke da hanyar isa ga juna.

Sai dai araha ba ta ado. Tsarin da aka tsuke haka ba shi da hanyar ko-ta-kwana, domin da zarar motar haƙa ta tsinke waya ɗaya, duk garuruwan da ke bayanta sun shiga duhu. Ƙasar Tonga, mai tsibirai a tekun Pasifik, ta ɗanɗana wannan a watan Janairun 2022, lokacin da aman wutar dutse ya katse wayar ƙarƙashin teku guda ɗaya tilo da ta haɗa ta da Fiji, aka kuma shafe makonni biyar kafin a gyara ta.

A ganina, nan ne masu tsara kasafi suka fi yin kuskure, domin kuɗin shimfiɗawa suke ƙirgawa, ba sa lissafa asarar ranar katsewa. Garuruwa ɗari da aka jera a sahu, ƙarin layi ɗaya tak daga na ƙarshe zuwa na farko zai mayar da su zobe, ta yadda idan waya ta tsinke saƙo zai zagaya ta ɗaya ɓangaren. Sharaɗin kawai shi ne hanyoyin biyu su rabu da gaske a ƙasa. Da yake haƙa rami ne ke cinye mafi yawan kuɗin aiki, kamfanoni kan binne waya ta biyu a ramin ta farko, su kuma rubuta a takarda cewa suna da hanya biyu, alhali motar haƙa ɗaya za ta tsinke su tare.