Hutu a Kudancin Turai: Ina Kuɗinka Zai Fi Auki?

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwa, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan ƙasashe huɗu, wato Fotugal, Sifaniya, Italiya da Girka, in faɗi wacce ta fi sauƙin kuɗi, wacce kuma ta fi abin kallo. To, tun daga farko ku sani, garin da ka sauka da watan da ka je sun fi sunan ƙasar tasiri a aljihunka.

Mu fara da ƙofar shiga. Dukansu huɗun bizar Shengen ɗaya ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema. Kuɗin ƙasa kuma duk Yuro ne. Ka ga a nan kunnen doki suka yi.

Italiya ita ce mai daɗin suna: Rum, Fulorans, Benis. Amma Benis ta gaji da baƙi, har a 2024 ta fara karɓar Yuro 5 daga mai zuwan yini ɗaya a wasu ranaku. A gidan abinci kuma akwai kuɗin zama, ko ba ka taɓa burodin da aka ajiye maka ba za ka gan shi a lissafi. Mai son Italiya da rangwame ya gangara kudu, Nafoli ko Falarmo ta tsibirin Sisili, wadda Musulmi suka riƙe daga 831 zuwa 1072. Kasuwannin Falarmo cike suke da kifi da lemo da ihun 'yan tireda.

Girka kuwa, hoton nan na fararen gidaje da shuɗiyar kubba da kuke gani a waya tsibirin Santorini ne, kuma shi da Mikonos su ne wurare mafi tsada a ƙasar. Atina, babban birnin ƙasar, tana da sauƙi, sai dai tikitin hawa tsaunin Akurofolis ya koma Yuro 30 a 2025. Fotugal a da ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi, yanzu kuɗin ɗaki a Lisbon ya tashi sosai, amma Forto da ƙananan garuruwa har gobe ana lallaɓawa. Sunan gaɓarsu ta kudu, Algarbe, daga Larabci ne, Algarbu, wato yamma.

Yanzu bari in zo inda zuciyata take. Idan tafiya ɗaya za ka iya yi a rayuwarka, ni Andalus zan nuna maka, kudancin Sifaniya. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu ba ya cika awa biyu ya sauke ka a Kurɗuba. Masallacin da sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785 yana nan tsaye. Coci ne tun 1236, ba a yarda a yi salla a ciki ba, gara ku sani tun a gida. Amma ka tsaya a tsakiyar ginshiƙan nan, bakunansu ja da fari, ɗaya bisa ɗaya har iya ganinka, wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Da sassafe, in ba Lahadi ba, akwai sa'a guda da ake shiga kyauta.

Sai Garnaɗa, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492. A fadar Alhamra na daɗe ina bin bango da ido, rubutu ɗaya ne ake ta maimaitawa a jikin farar ƙasa: wa la galiba illallah. Ga zakoki 12 na dutse ɗauke da babban kaskon ruwa, ruwan yana bin 'yan hanyoyi har cikin ɗakuna. Kuma garin ba baƙo ba ne a tarihinmu. Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ɗan Garnaɗa ne. A unguwar Albaisin akwai masallaci da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana hangen fadar gaba da gaba. Ɗaki a nan bai kai na Benis ko Santorini ba, kuma gidajen abinci suna da farantin rana mai farashi ɗaya, ka ci ka ƙoshi.

Wata Hajiya a nan tana tambayar lokacin da ya fi dacewa a je. Ranki ya daɗe, ki guji Yuli da Agusta. Lokacin ne Turawa ke hutu, komai ya yi tsada, zafin Kurɗuba kuma yakan wuce digiri 40, kin baro na gida kin tarar da wani. Maris ko Oktoba sun fi.

Ki kula da abinci, don Sifaniyawa suna sa naman alade da kitsensa har a wasu kayan zaƙi, ki riƙa tambaya, ko ki tsaya ga kifi da shagunan 'yan Maroko. Tikitin Alhamra kuma a intanet za ki saya tun da makonni, da sunanki a jiki da sa'ar shiga, ki riƙe fasfo a hannu domin za a duba a ƙofa. Akwai mai wata tambayar?